Yadda ake kula da kaji in sun fara zubar da gashi sosai

Ranar da na fara ganin abin nan wallahi sai da gabana ya faɗi. Na buɗe akurki da sassafe na ga ƙasa duk gashi kaman an fige kaji uku a ciki, na ce shikenan muzuru ya shigo. Na ƙirga su, sha huɗu cif, ba wadda ta ɓata, ba jini ba komai. Sai ga wata ja da nake ji da ita ta fito daga ƙarshe, wuya a waje, bindi babu, duk ta tsuke kaman wadda ruwa ya doka. Goggo na zaune a tabarma da carbinta, ta ɗago ta kalle ta sau ɗaya ta ce "ke 'yar nan, ki kira Malam ya yanka ta tun ba tai mushe ba." Na ce Goggo a bar ta zuwa gobe mu gani, dan ina kallonta tana tsattsagar dawa kaman kowa, kuma da na nufo ta sai ta zura da gudu. Kaza mai shirin mutuwa ba ta wannan gudun.

To abin da ya same ta ba ciwo ba ne, canjin gashi ne. Kaza in ta kai kaman wata 16 zuwa 18 tana zubar da tsohon gashinta ta fidda sabo, daga nan kuma kusan duk shekara sai tai. Wata a hankali take yi, ba ma ki lura ba sai dai ki ga ƙwai ya ragu, wata kuma cikin sati ɗaya za ta zube ta koma abin tausayi, kuma irin wannan ɗin nake magana a kai. A ƙasashe irin su Ingila gajartar rana ce ke tado shi, dan can rana na kai awa 16 da wani abu a tsakiyar shekara ta dawo kusan awa 8 a Disamba, shi yasa kajinsu ke zubewa tare wajen Satumba zuwa Nuwamba. Mu nan wajen Kano da Zariya bambancin ranar Yuni da ta Disamba bai fi awa ɗaya da rabi ba, dan haka namu ba su da tsayayyen wata. Wahala ce ta fi tado shi a wajenmu, kaza ta gama kwanci na kwana 21 ta yi renon 'yan tsaki ta rame, ko sun wuni ba ruwa a bazara, ko abinci ya yanke kwana biyu uku, ko kuma leyas, wato kajin gidan gona masu ƙwai, da aka saba kunna musu ƙwan lantarki da dare sai wuta ta ɗauke sati guda. Duk da haka ni dai nawa sun fi yi daga ƙarshen kaka zuwa shigowar hunturu, lokacin da gashin ya fi yi musu amfani, ki ji fa.

Mataki na 1: ki tabbatar canjin gashi ne ba wani abu ba

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, ta ɓangare biyu ma, wata ta ɗura wa lafiyayyar kaza magani, wata kuma ta zauna tana jiran gashi ya fito alhali ƙuma ce ke shanye jinin kazar. Ki bari sai dare sun hau sun kwanta, ki ɗau tocila ki je. Da rana in kika ce za ki kama ta sai kin zaga gida sau biyar, kuma wannan tseren shi kanshi wahala ne gare ta.

Canjin gashi yana da tsari. Daga kai yake farawa, ya sauko wuya, ƙirji, jiki da baya, sannan fiffike, bindi ne kusan ƙarshe. Kuma in kika buɗa inda ya zube za ki ga fata lafiya ƙalau, ba ja ba ƙurji, ga wasu tsinkaye-tsinkaye suna hudowa kaman ƙayar bushiya, masu duhu daga gindi. Su ne sabon gashin. In kin gansu hankalinki ya kwanta.

In kuwa ba su, to duba waɗannan. Bayan kaza kaɗai ya sule, dab da bindi da kuma ƙeya, gashin a karye ba wai zubewa yai daga tushe ba, wannan aikin zakara ne, ya fiye hawanta. Ƙirji kaɗai ya sule kuma tana zaune kan ƙwai tana hura hanci, ita ta fige kanta dan ɗumin jikinta ya taɓa ƙwan, ba komai. Gashi a gutsure, fata da ɗan rauni, wajen duwawu ko baya, 'yan uwanta ne ke saranta, yawanci cunkoso ne ko abincin bai ishe su gina jiki ba. Ki ɗaga bindi ki haska wajen kashi da ƙarƙashin fiffike, in kika ga wasu ƙananan ƙwari masu ruwan ƙasa suna gudu, ko wani fari-fari a dunƙule a gindin gashi kaman an manna gishiri, ƙwarƙwata ce da ƙwayayenta. Akwai kuma wasu jajaye mitsi-mitsi da ba sa zama jikin kaza da rana, a tsagar katako da bango suke ɓuya sai dare su fito shan jini, ki shafa farin tsumma a ƙarƙashin sandar da suke kwana, in ya fito da ɗigon ja to suna nan. Ga kuma ƙumar nan baƙa da ke maƙalewa a gefen ido da zanko ta ƙi motsi. Sannan kar a manta akwai kajin da haka Allah ya halicce su wuya ba gashi tun suna tsaki, ƙanwata ta taɓa wata biyu tana jiran gashin wuyan irin wannan ya fito.

Ciwo kuma daban yake. Mai canjin gashi tana ci tana sha, idonta tar, kashinta yadda ya saba, sai dai ta ɗan yi sanyi ta riƙa raɓewa gefe, zankonta ya koɗe ya motse. Amma kazar da ta takure ta rufe ido, ta saki fiffike, ko tana zawo kore ko fari ko da jini, tana minshari ko buɗe baki tana jan numfashi, ko wuya ya murɗe, wannan ki ware ta yanzun nan ki nemi likitan dabbobi. Balle in biyu uku suka mutu a tare cikin kwana ɗaya, wannan ba zancen gashi ba ne kwata-kwata.

Mataki na 2: canza abinci, nan ne aikin yake

Gashin kaza fiye da kashi 80 cikin 100 ɗinsa furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Ƙwai ma shi yake ci. Jikinta ba zai iya biyun a lokaci ɗaya ba shi yasa take ajiye ƙwai ta fuskanci gashi. Yanzu ki duba abin da muke watsa musu, masara ba ta wuce kashi 8 zuwa 9 na furotin, dawa da gero sun ɗan ɗara kaɗan, dusa da ƙanzon tuwo kuma cika ciki ne. Kazar da ke kan wannan kaɗai za ta fidda gashin dai, amma daga naman jikinta za ta cira, ki ɗaga ta ki ji ƙashin ƙirji kaman wuƙa, kuma abin da ya kamata ya ƙare a wata biyu zuwa uku sai ya ja wata huɗu biyar.

In abincin buhu kike ba su, leya mash, wato abincin masu ƙwai, yawanci furotin ɗinsa kashi 16 zuwa 17 ne, ga kalsiyam mai yawa saboda ɓawon ƙwai, wanda yanzu ba ta buƙata tunda ba ƙwan take ba. Abin da ake so a wannan lokacin kashi 18 zuwa 20 ko ɗan sama. Kar ki yarda da sunan buhu kawai, ki juya ki karanta takardar da ke jiki, dan wani gurowa ɗin ma, wato abincin kaji masu tasowa, bai kai leya furotin ba. Ni abin da nake yi in sayi sitata ko finisha na buroila, wato abincin farko ko na ƙarshe na kajin nama, awo-awo in haɗa. Kuma ba rana ɗaya ake juyawa ba. Kwana biyun farko kashi ɗaya sabo kashi uku tsoho, kwana biyu na gaba rabi da rabi, sannan uku da ɗaya, cikin sati kin gama. In kika juya farat ɗaya za su yi zawo ko su ƙi ci, kin ƙara musu wata wahalar kenan. Ki tambayi mai shago ko akwai magani a cikin sitatan, in akwai kuma wasu kajin naki na ƙwai har yanzu, ki nemi wanda babu.

In kuma da kanki kike haɗawa, ga wanda nake yi na kilo 10: masara ko dawa ɓarzajjiya kilo 5, waken suya soyayye kilo 3, dusa kilo 1 da rabi, garin busasshen kifi rabin kilo. Wannan yana kai wa wajen kashi 20. Da sikeli ake aunawa ba da gwangwani ba, dan gwangwanin dusa da na masara ba nauyinsu ɗaya ba. In kina samun firimis, wato garin bitamin ɗin nan na haɗa abincin kaji, ki sa yadda aka rubuta a jiki. Leya babba tana cin kaman giram 110 zuwa 120 a rana, kajin Hausa ba su kai haka ba balle in suna fita kiwo, dan haka kilo 10 zai yi wa kaji goma sati ɗaya da 'yan kwanaki.

Waken suya dole a soya shi, wannan ba zaɓi ba ne. Ɗanyensa akwai abin da ke hana hanjin kaza narkar da furotin ɗin, sai ki ga kina kashe kuɗi suna ƙara ramewa. A kasko ba mai, wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa har yai ruwan zuma ya fara ƙamshi, in kika tauna ba ki ji gafin nan na ɗanyen wake ba to ya yi. In ya ƙone baƙi kuma kin kashe amfanin. Haka dusar awara da ake karɓowa wajen masu awara, ɗanya ce, a turara ta ko a soya ta bushe kafin a ba su, kuma jiƙaƙƙiya ba ta kwana, tsami take.

Tunkuza ma tana da kyau sosai, ta fi kashi 40. Amma ki karɓo ta wajen masu ƙuli tun ba a sa gishiri da yaji ba. Gishiri in yai yawa kashe kaza yake, shi yasa kifin ma ki ɗanɗana, in mai gishiri ne ki jiƙa ki wanke ki sake shanyawa. Duk gyaɗa ko masarar da tai fumfuna ki zubar, kar ki ce ai kaji ne, gubar da ke cikinta hanta take ci. Sai riɗi, wannan ɗan sirri ne, yana da wani sinadari da ake kira metiyonin wanda gashi ke buƙata kuma waken suya bai da shi da yawa, tafin hannu ɗaya ga kaji goma sau biyu uku a sati ya isa, dan yana da mai.

Ga wanda ba kuɗi kuma, gara. Ki samu tsohuwar tukunyar ƙasa ki cusa busasshen kashin shanu da totuwar masara da guntayen kara, ki yayyafa ruwa ya ɗan jiƙa, da yamma ki kife ta a inda kika san gara na bi, nesa da ɗaki dan Allah, ki ɗora tsohon buhu a kai. Da safe kafin rana tai zafi ki ɗaga ki zazzage musu. Ranar da na fara yi jar nan tawa da ke raɓewa bayan randa ita ta riga kowa isowa, har tana ture zakara. Fara ma haka, amma ba soyayyar kasuwa mai yaji da magi ba, kuma ba wadda aka tsinto a gonar da aka yi feshi ba. Dafaffen ƙwai in kina da hali, ki murmushe shi yadda ba za su gane ƙwai ba ne kar su koyi fasa nasu. Ganyen zogale, ɗanye a rataye ko busasshe a barbaɗa.

Abin da za ki rage shi ne watsa tsaba. Na sani, daɗi ne da shi ka watsa gero suna rububi, yara ma na so. Amma in suka cika ciki da shi ba za su ci haɗin ba. Haɗin da safe lokacin da suke jin yunwa, tsaba ɗan kaɗan da yamma, da hunturu ma yana taimaka musu da ɗumi cikin dare. Kuma kar a zarce, wai tunda furotin ake so sai a koma kifi zalla, wannan ƙoda yake wahalarwa.

Tunda ba duka suke zubewa tare ba, wasu na ƙwai har yanzu, ki ajiye musu kalsiyam a wani kwano daban, ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka ko garin ƙashi. Mai buƙata za ta je ta ci, wadda ba ta so ba za ta kalle shi ba.

Mataki na 3: ruwa

Kar ya yanke ko na rabin wuni. Kaza na shan kusan ninki biyu na abin da take ci, da zafi ya fi haka nesa. A inuwa, a wanke mazubin kullum. Bitamin na kaji a ruwa kwana uku zuwa biyar a farkon zubewar ba laifi. Amma kafso ɗin nan ja da rawaya da ake ɓarewa a zuba musu duk abin da ya faru, ki bar shi. Ba ƙwayar cuta ba ce ta zubar da gashin to me zai kashe? Asarar kuɗi ce, ga shi yana fita a ƙwai da nama mu ci, ranar da ciwon gaske ya zo kuma ya ƙi aiki.

Mataki na 4: ki daina ɗaukarta

Tsinkayen nan da ke fitowa akwai jini a cikinsu, kuma zafi suke mata in an taɓa. Shi yasa kazar da ta saba cin abinci a hannunki sai ki ga tana gudunki, ba wai ta canza hali ba ne. Ki ja wa yara kunne sosai. In dole sai an kama ta, da dare, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji ɗaya a kan fiffike a hankali, ba a riƙo ta ta fiffike ko a rataye ta ta ƙafa irin na 'yan kasuwa ba, kuma kar a shafa ta sama, wato a tayar da gashin. Masu yanke fiffike dan kar kaza ta haura katanga, ku jira sai gashin ya gama girma ya bushe, in aka yanke mai jini zuba zai ta yi.

In ɗaya ya karye yana jini, danna wajen da tsumma mai tsabta minti biyu uku, ki barbaɗa garin masara ko sitaci. In ya ƙi tsayawa sai a kama tsinken daga gindi da hantsaki a zare shi gaba ɗaya ta inda ya fuskanta, a sake dannawa. Bayan nan ki shafa jibi, shuɗin maganin nan na ciwo, dan ya rufe jan. Kaji in suka ga ja ba sa haƙuri, za su yi ta sara har su huda ta, na taɓa rasa ɗaya a haka tsakanin azahar da la'asar ina ɗaki ban sani ba. In raunin da girma ki ware ta a keji ko ki kife ta da babban kwando a inda take ganin 'yan uwanta suna ganinta, da ruwanta da abincinta. In kika kai ta can wani ɗaki sati biyu, ranar da ta dawo baƙuwa za su ɗauke ta, sabon faɗa.

Zakara kuma a ɗaure shi ko a raba musu waje na 'yan satuttuka, faratansa a kan bayan da ba gashi yanka ne. Shi ma fa yana nasa canjin, bindin nan da yake taƙama da shi ya zube ya rage cara, kuma a lokacin ƙwan da aka samu ba ya ƙyanƙyasuwa sosai, dan haka ba lokacin sa wa kaza ƙwai ba ne. Ki ƙara mazubin abinci ya zama biyu ko uku nesa da juna, dan wadda ta zube ko da ita ce shugaba a da, yanzu kowa korarta yake.

Mataki na 5: ɗaki, iska da sanyi

Zafin jikin kaza wajen digiri 41 ne kuma gashin ne bargonta. In abin ya faɗo a hunturu ki toshe ɓangaren da iska ke bugowa, gabas da arewa, da buhu ko zana ko tamfol, amma ki bar sama a buɗe iska na fita. Kar ki liƙe ko'ina da leda, warin kashinsu in ya taru shi ke kawo musu mura. Ƙasa ki zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako busasshiya da kauri. Ba sai kin kai musu gawayi ba, manya ne, su matsu da juna ya ishe su, ga haɗarin gobara da hayaƙi. In kuma damina ce to kar ruwa ya doke ta, jiƙa da iska tare su ne ke kayar da kazar da ba gashi. Da bazara inuwa, dan fatar da ke waje rana na ƙona ta. Kuma ki sani mai zubar da gashin fiffike ba ta iya tashi sosai, in sandar kwanansu na sama ki sa mata wata ƙasa-ƙasa, ki kuma rufe su da wuri saboda muzuru da karnuka.

Gashin da ya zube a share shi duk kwana biyu uku, ƙwari na ɓuya a ciki. In kin ga suna cin ƙananan gashin daga ƙasa to suna gaya miki abincin bai kai ba, koma mataki na 2.

Ki yi musu wajen birgima, tsohuwar taya ko faffaɗan baho, yashi mai laushi da busasshiyar ƙasa da tokar itace kaɗan, a inda ruwa ba ya taɓawa. Da wannan suke kakkaɓe ƙwari da kansu. In kin samu ƙuma ko ƙwarƙwata a duban da kika yi, ki karɓo hodar ƙwari ta kaji a shagon maganin dabbobi, a sa wa kajin a sa wa ɗakin har cikin tsagogi, a maimaita bayan sati ɗaya zuwa kwana goma saboda ƙwayayen da za su ƙyanƙyashe. Ƙumar gefen ido kuma basilin ake shafa mata ya toshe mata numfashi ta mutu ta faɗo. Kananzir da fiya-fiya a jikin kaza, a'a. Ko mai cikakken gashi suna ƙonawa balle wadda fatarta ke waje.

Mataki na 6: kar ki tado komai sabo

Ba lokacin canza musu ɗaki ba ne, ba lokacin sayo sabuwar kaza daga kasuwa a jefa cikinsu ba ne. Wannan na biyun ma ya fi haɗari, dan hunturu shi ne lokacin cutar Niyukasil da ke share kajin unguwa, kuma mai canjin gashi jikinta ba ƙarfi. Rigakafinta, Lasota ko I-2 irin wanda ake yi a Vom kusa da Jos, ana maimaita shi kaman duk wata uku, kuma an fi so a ce kin yi tun kafin iska ta juyo. In baki yi ba ga shi sun fara zubewa, ki tambayi likita, amma dai ba a yi wa kazar da ke kwance ba lafiya. Maganin tsutsar ciki ma ki gaya mishi suna fidda sabon gashi, dan akwai irin su fenbendazol da ake gudun bayarwa a lokacin saboda yana iya lalata gashin da ke fitowa.

Wani zai ce miki ki ƙara musu hasken lantarki su dawo ƙwai da wuri, wani ma ya ce a hana su abinci kwana da kwanaki dan su zube gaba ɗaya su huta, wai haka manyan gonaki ke yi. Eh an yi haka, amma a Turai an hana wannan horon yunwar. Kajin gida goma sha ba su da buƙatar wannan, ki bar su su gama a lokacinsu.

Mataki na 7: yadda za ki san saura nawa

Wannan wani dattijo mai kiwon leyas ya nuna min kuma tun daga lokacin na daina zaman zullumi. Da dare ki buɗe fiffike ɗaya a hankali kaman mafici. Dogayen gashin da ke daga waje guda 10 ne, sai wani ɗan gajere a tsakiya da ya raba su da na cikin. Daga wajen ɗan gajeren nan suke fara zubewa suna yin waje. Sabo za ki gan shi mai tsabta, mai faɗi, bakinsa a zagaye, tsoho kuma ya koɗe ya cinye ya yi tsini. Kowane ɗaya na ɗaukar kaman sati 6 kafin ya gama girma. To ki ƙirga tsofaffin da suka rage. In kika ga sabbi uku huɗu tsayinsu ɗaya, wato tare suka zube tare suke fitowa, wannan mai sauri ce, wata biyu zuwa uku ta gama. In kuwa kika ga kaman matakala, kowanne ya ɗara na kusa da shi, ɗaya take yarwa duk sati biyu, irin wannan tana iya kai wata shida tana abu ɗaya.

Kuma ga inda ake tafka asara. Wadda ta zube lokaci ɗaya ta koma kaman an fige ta, wadda kowa ke cewa a yanka, yawanci ita ce mai ƙwan gidan, ta jima tana yi ba hutu shi yasa ta makara kuma take sauri ta koma. Mai kyan nan sumul-sumul da ta fara tun da wuri tana yar da ɗaya-ɗaya, ita ce malalaciya. In dole sai kin rage kaji saboda tsadar abinci, ko baƙi sun zo, daga irin su za ki fara. Sayarwa ma a tsakiyar zubewa faɗuwa ce, ba wanda zai taya kaza ba gashi da daraja, ga ta ba nauyi, figarta kuma da tsinkayen nan sai kin yi da-na-sani.

Mataki na 8: komawa ƙwai

Alamun ba sa ɓuya. Zanko ya dawo ja ya cika, ta fara surutun nan tana leƙa lungu-lungu, in kika miƙa hannu ta durƙusa. Ki taɓa ƙasusuwa biyun nan da ke gefen wajen kashi, lokacin hutu a matse suke yatsa ɗaya ke shiga, in ta kusa sai su buɗe yatsa biyu zuwa uku. Masu ƙafa rawaya za ki ga lokacin hutun ƙafar da baki sun ƙara rawaya, in ta koma ƙwai a hankali sai su sake koɗewa. Da kin ga haka sai ki fara mayar da su leya mash, shi ma cikin sati ɗaya kaman yadda kika fita, ɓawon ƙwai ko garin ƙashin nan kuma ya ci gaba da zama a gefe. Ƙwan farko zuwa na uku na iya zuwa ƙarami ko da laushin ɓawo, ba komai. Bayan nan za ki ga ya fi na da girma, ɓawon ya fi ƙwari, sai dai yawansa ba zai kai na shekarar farko ba, kowace shekara yana ɗan raguwa.

In an wuce wata huɗu ba sabon gashi ko tsinke ɗaya, ko gashin ya fito amma tana ta ramewa, ko ta sake zubewa bayan ta gama ba da jimawa ba, to akwai abin da ke ƙasa, tsutsar ciki ko ƙwari ko abincin, a kai ta a duba.

Jar nan tawa sati goma ta ɗauka. Ranar da na tsinci ƙwanta a bayan buhun gawayi na kai wa Goggo a hannu ban ce komai ba, ta jujjuya shi ta ce "wace ce?" na ce wadda kika ce a kira Malam. Ta ce to a dafa mata shi, kar a soya, mai na tada mata ƙwarnafi.